Ranar Da Adda Ta Yi Nishi

Ranar Litinin ce, bayan Babbar Salla da kaɗan, a shekarar da ƙasar nan ta zama jamhuriya, da wajen ƙarfe goma na safe. Muna barandar ɗakin mata na asibiti a Sakkwato, mu huɗu: ni, da mahaifiyata wadda aka cire wa nono na hagu saboda ciwon daji, da kakata wadda ta haife ta, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kudu mai kula da ɗakin. A ranar aka sallami mahaifiyata. Mahaifina yana bakin titi yana neman motar da za ta kai mu Tambuwal.

Ma'aikaciyar ba ta jin Hausa sosai. Da ta ga ni ne mai jin Turanci, sai ta juyo ta ba ni saƙo. Ta ce aikin ya yi kyau, amma sauran yana hannun mai jinya. Wanda aka yanka a ƙirji tsoron numfashi yake yi, don duk jan iska sai ya ji ɗinkin ya amsa, sai ya koma shaƙa sama-sama. In aka daɗe a haka majina ta kwanta a ƙasan huhu, zazzaɓi ya shigo, kuma wannan kaɗai yana iya gamawa da mutum tun ba a zo maganar ciwon da aka yanke ba. Ta ɗora tafin hannu a cikinta ta nuna mini. A saki kafaɗu. A ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, a ɗan riƙe, sannan a sake ta ta baki kamar mai hura kunu, fitar ta fi shigar tsawo. A yi da safe, a yi da rana, a yi duk lokacin da zafi ya taso ko gaba ya faɗi. In tari ya zo kada a danne shi, a rungume matashi a kan ciwon a yi shi. Kuma kada a ɗaure ƙirjin da komai ban da bandejin da suka sa.

Na gane abin tun ba ta gama ba. A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo a Kaduna, kuma wannan numfashi shi aka fara koya mana kafin a bari mu kusanci makirufo. A ƙasa ake kwantar da mu, a ɗora mana littafi a ciki, a ce littafin ya tashi, kafaɗa kada ta motsa. Mai karanta labarai da ke numfashi da ƙirji ana jin hakinsa a cikin akwatin rediyo har Argungu. Duk kuma wanda ya taɓa zama a ɗakin watsa labarai ya ga jar fitila ta kama ya san faɗuwar gaba, ya san kuma dogon numfashi daga ciki ne ke kwantar da ita. Na ce wa ma'aikaciyar na ji, zan koya mata. Ta yi murmushi ta ce mahaifiyata ta yi sa'ar ɗa.

Abin da ba ta sani ba, ni ɗan fari ne.

Mu mutanen Kebbe ne, noma da kiwo, da jinin Fulani ta wajen uwa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ana yaye ni aka kai ni Tambuwal wurin kakata, a can na tashi, a can na shiga makaranta. Ban taɓa ce wa mahaifiyata Inna ba. Adda nake ce mata, kamar wata yayata. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina tsaye a wurin: “A ce ma wancan abinci na nan.” Ba ƙiyayya ba ce, ban kuma taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Amma a duk faɗin ƙasar Sakkwato babu mutumin da bai cancanci ya koya wa matar nan yadda za ta ɗaga ƙirjinta ba kamar ni. Duk tsawon bayanin ma'aikaciyar, Adda bango take kallo.

Akwai wani abu kuma. Ni na matsa aka kai ta asibiti, bayan an shafe kusan shekara ana shafe-shafe da turare-turare, kumburin yana ƙara girma. Garin ya san ni ne. Ana cewa ɗan boko ya kai uwarsa an yanka.

Hanyar Kebbe ba ta mai ɗinki ba ce, don haka aka tsayar da shawara ta zauna gidan kakata a Tambuwal har ciwon ya kame. Akwai malamin asibiti a garin da zai riƙa zuwa gida yana wankewa. Mahaifina bai daɗe ba ya koma Kebbe, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga gona ba a share ba, ga shanu. Ni na ɗauki hutu na zauna.

Washegarin isarmu na je gaishe ta. Bakin ƙofa ne iyakata, a nan na durƙusa. Daga nan na hango kakata ta riga ta yi aikinta. Ta ɗauko wani zanen saƙi mai kauri ta naɗe ƙirjin Adda a kan bandejin, ta zagaya ta sake zagayawa, ta ɗaure tamau a baya, irin ɗamarar da ake yi wa mai jego a ciki.

Tsakanina da kakata wasa ne, kamar kowane jika. Mai gida take ce mini, ni in ce mata amarya. Na same ta a bakin murhu.

“Amarya, mene ne wancan kika naɗa mata?”

“Mai gida, ina ruwan namiji da ɗamarar mata? Tafi ka sawo man goro. Tun da ka taho ko tsinke ban gani ba, miji awa hoto.”

“A asibiti sun ce kada a ɗaure.”

“Su sunka yanka, mu ka jinya. Daji ba shi son ƙarfe, kowa ya sani. Tunda ƙarfe ya taɓa shi, in ba a riƙe shi wuri guda ba tashi za shi yi shi bi jiki. Kuma ɗinki na. Ka taɓa ganin an ɗinke ƙwarya an cika ta da ruwa ran nan?”

Na yi mata bayanin numfashin, na ɗora hannu a cikina na nuna mata. Ta kalle ni tun daga hula har takalmi.

“Wato ɗiyata ta zauna tana fuuu, fuuu, awa saniya ta sha gudu? Mutane na shigowa dubiya su iske ta tana nishi? Haihuwa bakwai ta yi. Kai na na farko, da kan nan naka awa tulu, kuma ko tari ba a jiya ba daga ɗakin. Yanzu da girmanta za ka sa ta nishi?”

A nan gizo ke saƙa. A wajenmu mace ta gari da shirunta ake auna ta. Ta cije, ta riƙe numfashi, ta bar zafin ya wuce ta kanta ba wanda ya ji. Adda ta fi kowa iyawa, kuma da wannan ake kafa misali da ita a Kebbe. Abin da ma'aikaciyar jinya ta roƙa shi ne daidai abin da aka shekara arba'in ana yabon Adda don ba ta yi.

Mata suna zuwa dubiya tun hantsi har la'asar. Su ajiye fura ko ƙwan zabi, su zauna a bakin ƙofa da tsakar gida, su yi ta yabo. “Ko uffan.” “Ɗiyar halas ke nan.” Daga nan sai murya ta sauka, a shiga labarin wata mata a Jabo da aka yi wa irin wannan aiki, da wata a Fakku da ta ƙi yarda a taɓa ta, kowacce da yadda ta ƙare. Ɗakin Adda ba shi da ƙyaure, asabari ne kawai. Duk tana ji.

Ni ina zaune a inuwar dogon yaro da ke gefen rumbu. Aikina ya koya mini sauraren numfashin mutum, kuma daga inda nake ina jin nata: gajere, da sauri, kamar na tsuntsun da aka riƙe a hannu. In tari ya taso sai in ji ta haɗiye shi. In malamin asibiti ya yi sallama daga zaure, numfashin ya ƙara gajarta tun bai shigo ba. Kakata da kanta ta ce mini a lokacin gumi ke karyo mata, hannuwanta su yi sanyi ƙalau. Ita kuwa tsohuwar tana jin sallamar sai ta kwance ɗamarar ta tura ƙarƙashin gado, yana fita ta mayar.

Ba a cika mako ba zazzaɓi ya kama ta. Malamin asibiti ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya fito ya ja ni zaure.

“Malam, ciwon kansa yana kamewa. Ƙirjin ne ban so ba. Ƙasan huhun hagu ba ya buɗewa. Zan yi mata allura, amma allura ba ta fitar da majina. In zazzaɓin bai sauka ba zuwa ranar kasuwa, sai dai a mayar da ita Sakkwato.”

Na gaya masa zancen ɗamarar. Ya ce ya sani, ya ga shatinta a fata. Ya yi magana, tsohuwa ta ce masa to. Ya ce tun da ya fara aikin nan yake jin irin wannan to ɗin.

Kakata ta kai maganar Sakkwato ciki, ta fito da amsa. Ba ma sai ta faɗa ba, na ji da kunnena. “A ce musu ba ni komawa. In mutuwa ta, ta iske ni nan.”

Na auna abin da ya rage. In na ɗaga asabarin nan na shiga na yi mata magana ido da ido, bango za ta juya, ta ƙara riƙe numfashin don kunya, in zama na ƙara mata ciwo. Kakata ta ƙi kai saƙo. Malamin asibiti baƙon namiji ne, gabansa ma ta fi ƙanƙamewa. Amma ni sana'ata ita ce magana da mutanen da ba na gani, waɗanda ba dole ne su amsa mini ba. Uwa ba ta sauraren ɗan fari. Ba wanda ya hana ta jin abin da ake faɗa a tsakar gida.

Bayan azahar na ɗauko tabarma na shimfiɗa a jikin bangon ɗakinta, dab da ƙofa. Na jingina bayana da bangon, na fuskanci rumbu, na gyara murya irin ta aiki.

“Jama'a, ga bayani ga duk wanda aka yi wa aiki a ƙirji. Da farko ya saki kafaɗunsa, kada ya rataye su a kunne. Ya ɗora hannu a ciki. Ya ja iska ta hanci, sannu a hankali, har ya ji hannun ya taso.”

Na ja. Na riƙe. Na saki ta baki, da ƙarar da za a ji a bayan bango.

Matan da ke tsakar gida suka dubi juna. Wata ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kakata ta taso daga murhu da muciya a hannu.

“Mai gida, lafiya? Akwatin naka ya lalace na, kaka karanta ma rumbu labari?”

“Rumbu nake yi wa, amarya. In wani ya ji, ba ni na aike shi ba.”

“Marar kunya. Boko ya cinye ka ya bar hula. Tashi man nan tun ban auna kan nan da muciya ba.”

“In kin fasa shi wa zai sawo goro?”

“Goron da ban gani ba?”

Ban tashi ba. Na ci gaba da yi wa rumbu bayani, kuma na kiyaye kada in faɗi abin da ba haka ba, don Adda ba ta yafe ƙarya. Ban ce numfashi yana warkar da daji ba. Ban ce zafin zai tafi ba. Na ce jan farko zai yi ciwo, na biyu ma zai yi, amma jikin da ya ƙanƙame ya fi jin zafi a kan jikin da ya saki. Na ce ɗinki ba ya tsinkewa don an ja iska, zaren likita ba zaren ƙwarya ba ne. Na ce bugun zuciya yana bin numfashi kamar yadda maraƙi ke bin uwarsa, in ta yi sannu ya yi sannu. Na ce majinar da ke ƙasan huhu ba ta da hanyar fita sai wadda tari ya buɗe mata, kuma ƙirjin da aka ɗaure ba ya iya tari.

Na yi da la'asar. Na yi washegari da hantsi, da azahar, da la'asar. A bayan bangon ba abin da ya canza. Numfashin nan gajere yana nan, har ya fara haɗawa da wani ƙaramin kurari a ƙarshensa.

Kawuna, ƙanen Adda, ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce maganata ta cika gari, ɗan fari zaune a bakin ɗakin uwarsa yana zancen ƙirji, mata na kallo. Ya ce ko ba na jin kunyar mutane in ji ta Adda. Na ce masa, “Kawu, in ka san wanda zai faɗa mata ta ji, kawo shi yanzu in naɗe tabarmata.” Ya ce ba haka ake magana da manya ba. Na ba shi haƙuri a kan muryar, ban ba shi a kan tabarmar ba. Bai kawo kowa ba.

Ana gobe kasuwa gwaggona ta iso daga Kebbe. Yayar mahaifina ce, kuma a gidanmu maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Adda a durƙushe take gaishe ta tun ranar da aka kawo ta gidanmu amarya, Yaya take ce mata, ban taɓa jin ta musa mata ko a kan gishirin miya ba. Gwaggo ba muguwa ba ce. Ita ke wankan gawar mata a unguwarmu, ta ga kwanciya iri-iri, kuma ta tsani a bar abu a rikice. Ta wuce ni a kan tabarmata, kallo ɗaya ya isa. Ta ɗaga asabari ta shiga. Akwai mata a ciki da waje. Ba ta rage murya ba.

“Uwar yara, sannu. Allah shi sa kaffara ta. Ni kin san ni, ba ni ɓoye-ɓoye. Na ga irin wanga kwanci ba sau guda ba. Tun da sauran bakinki ki faɗi yadda za a yi da ƙorenki da tasoshinki, da karsanar nan taki, wa za a ba cikin ɗiyan. Kada a zo ana ja-in-ja bisa kanki. Na ma taho da farin ƙyalle, in an bukata kada a tsaya neman na kasuwa.”

Matan tsakar gida suka sunkuyar da kai. Kaza ta ratsa gabana ta dawo.

Sai muryar Adda, a dishe.

“Inna.”

“Na'am.”

“Kwance man wagga ɗamara.”

“Ke, da mutane?”

“Da su. Kwance.”

Na ji motsin gado, na ji saƙin yana warwarewa, zagaye bayan zagaye. Sannan na ji ta ja iska. Jan farko bai kai ko'ina ba, ya karye a tsakiya. Ta sake ja. Wannan ya shiga, na ji shi yana sauka, ya fito ta baki da doguwar ƙara mai rawa. A na gaba tarin ya kubce mata. Tari ne mai nauyi, mai ruwa, wanda aka daɗe ana dannewa, kuma a tsakiyarsa ta yi ƙara.

“Wayyo Allah!”

Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ba na jin akwai wanda ya taɓa ji a gidan.

Na ce wa rumbu, “Mai tari ya rungume matashi a kan ciwon.”

Na ji kakata a ciki tana cewa, “Ga shi, ga shi, riƙe da kyau.”

Gwaggo ta ce, “Subhanallahi! Uwar yara, da girmanki? Ga mutane, ga ɗanki na fari bakin ƙofa!”

Adda ta amsa mata gutsure-gutsure, tana tsayawa ta ja numfashi a tsakanin magana, kuma ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

“Yaya, ki yi haƙuri. Ƙorena ina son su. Karsana ciki gare ta, ni ka tatsar ta in Allah ya so. Ƙyallen ki aje shi. Wadda Allah ya nufa cikinmu ta riga amfani da shi.” Ta yi tari, ta yi nishi mai tsawo. “Wadda ba ta iya jin nishi, ƙofa asabari ta.”

Mata biyu suka fito suka sa takalma, ba ko sallama. Wata a tsakar gida ta ce, “Yau mun ga abu,” ba ta dai tashi ba. Na zaci Gwaggo za ta biyo su. Ba ta fito ba. Daga baya kakata ta gaya mini Gwaggo ta zauna, fuska a murtuke, sannan ta jawo kaskon yashi ta riƙe wa Adda tana tofar da abin da ya fito, har ta gama.

Na koma kan aikina. Na ja, na riƙe, na saki. A bayan bangon wani numfashi yana bin nawa, yana makara, yana karyewa, yana sake kamowa. Can sai ta tsaya.

“Inna, a ce ma wancan shi rage sauri. Shi ƙirjinai ba a ɗinke ba.”

Na rage.

Kafin magariba kakata ta fito ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu.

“To mai gida, kun ci gari kai da rumbunka. Koya man abin nan da kyau in riƙa yi da ita. Ba ni barin ƙato shi yini bakin ɗakin ɗiyata, ko da miji nau na.”

Na koya mata. Ta fi duk wanda na taɓa koya wa gardama. Ta ce cikinta ya riga ya saba da inda yake, ba ya tashi don wani yaro ya ce. Ta ce ita ba ta san a hankali ba, a gaya mata tsawonsa. Muka daidaita a kan ta ja iska tsawon salati ɗaya a zuci, ta sake ta kamar mai hura wuta a ɗanyen ice. Da ta kama kuwa har zaure ana jin ta, kamar zugazugin maƙera. Daga ranar na naɗe tabarmata na koma inuwar dogon yaro. Su biyu suke yi a ciki, tsohuwar tana mita, Adda tana ce mata ta saki kafaɗa.

Zan faɗi abin da ya canza da abin da bai canza ba. Zafin bai tafi ba. Wajen hammata musamman ya daɗe yana damunta. Abin da ya canza shi ne ta daina jiran sa a ƙanƙame. In malamin asibiti ya yi sallama daga zaure, sai in ji ta fara dogon numfashin tun bai shigo ba, tana yi yana wanke ciwon, in ya zo inda audugar ta manne ta saki iskar da ƙara, ya ɗaga a daidai lokacin. Kakata ta ce hannuwan sun daina sanyi. Ta fara cin tuwo. Labarin matar Jabo bai daina zuwa tsakar gida ba, sai dai yanzu in an fara shi akan ji fuuu daga cikin ɗaki, mai labarin ta rasa inda ta tsaya.

Ranar kasuwa zazzaɓin bai sauka ba. Malamin asibiti ya daɗe yana sauraren bayanta, ya fito zaure ya ce iska ta fara isa inda ba ta isa da. Ya ce zai ci gaba da allura ya ƙara mata kwanaki, in ya ga an koma baya ba zai sake shawara da kowa ba, mota zai nemo da kansa. Kafin kasuwa ta zagayo zazzaɓin ya sauka. Ya ce ta fara tafiya da yatsu a jikin bango, tana ɗaga hannun hagu kaɗan-kaɗan, tana numfashin tana yi.

Maganar gari ba ta mutu da wuri ba. An daɗe ana cewa asibiti ya cire wa matar nan nono ya haɗa da kunya. An ce ni na lalata ta. Har bayan shekaru na je wani suna a Kebbe, wata tsohuwa ta nuna ni da baki ta ce wa ta kusa da ita, “Shi na mai rumbu.” Na gaishe ta da kyau. Ban ba kowa haƙuri a kan abin ba, Adda ma ban ji ta bayar ba. Kakata kuwa har ta bar duniya tana cewa ɗamararta ce ta riƙe dajin a kwanakin da ya fi son tashi, numfashi ya zo ya tarar an gama aiki. Ban yi mata musu ba. Na sawo mata goro.

Hutuna ya ƙare na koma Kaduna tun Adda tana Tambuwal. Ba a mayar da ita Sakkwato ba. An kai ta Kebbe bayan noman farko, a gaban motar 'yan kasuwa, kakata a gefenta. Hannun hagun bai sake wuce kafaɗa sosai ba, yakan kuma kumbura da zafi, don haka ta bar daka ta riƙe tatsa da girki. Ta yi damina huɗu a ɗakinta. Ciwon ya dawo mata ta ƙashin baya, ta rasu a lokacin kaka, a shekarar da aka raba Jihar Arewa, aka binne ta a Kebbe.